Bindigar Kaka

Ran da muka buɗe adakar kaka a Ƙaura Namoda, sai ga 'yar bindiga, ba ta fi tafin hannu ba. Wani maƙeri a Shinkafi ya juya ta, ya ce ba ƙirar gida ba ce. Hatimin jikinta, ELG da kambi, na birnin Liyej ne a Beljiyam, tun 1893 ake buga shi. Kaka kuwa dillalin gyaɗa ne, ya yi hulɗa da Turawa bayan jirgin ƙasa ya iso Ƙaura a 1929.

Wani daga Zurmi ya taya da tsoka. Na ce albarka. Mai karatu, a zamanin nan wa ya san hannun da za ta faɗa? Na miƙa wa hukuma, na riƙe tarihin.