Malfar Jaji: Alamar 'Yan Taru da Haƙƙin Sauya Ta

Kafin a yi maganar anko da sauran alamomin da ƙungiyoyin mata ke sanyawa a ƙasar Karaye da Rogo, ya kamata a waiwayi tsohuwar alama da tarihi ya adana ta wata ƙungiyar mata a ƙasar Hausa, watau malfar jaji ta 'Yan Taru a Sakkwato. Malfar ta girmi ƙungiyar. Daga wani wuri aka ɗauko ta, aka sauya mata kama da ma'ana, don haka ta dace da tambayar da wannan babi ya sa gaba: wa ke da ikon taɓa alamar ƙungiya?

Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1793-1864), matar Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, ita ta kafa 'Yan Taru a cikin shekarun 1830. Matsalar da ta tarar ita ce matan karkara ba su da hanyar zuwa makaranta, kuma bori na da ƙarfi a tsakaninsu. Matan aure masu goyo ba sa iya doguwar tafiya, saboda haka tsofaffi da 'yan mata ƙanana ne ke tasowa daga ƙauyuka su zo gidanta, su haddace waƙoƙin da ta tsara, su koma su koyar da waɗanda ke cikin gida. Kowane ayari yana da shugaba mace da ake kira jaji, kalmar da aka aro daga fatake.

Kamar yadda Jean Boyd ta nuna a littafinta The Caliph's Sister (1989), idan Asma'u za ta naɗa jaji sai ta ba ta malfa, a naɗe ta da jan rawani. A nan ne hikimar take. Kafin faɗuwar Alƙalawa a 1808, malfa tana cikin kayan Innar Gobir, 'yar gidan sarauta kuma uwar 'yan bori na ƙasar. Duk macen da ta ga malfa a kan mace ta san ta ga shugaba. Da Asma'u ta jefar da ita saboda asalinta, da jajinta sun shiga ƙauyuka a matsayin baƙi. Da kuma ta bar ta yadda take, da an ce bori ne ya dawo da sabon suna, abin da malaman jihadi ba za su lamunta ba. Sai ta riƙe malfar, ta ɗora mata rawani, wanda kowa ya san shi da malanta da naɗi. Ƙyalle ɗaya ya raba Inna da jaji.

Abin lura shi ne ba jajin ce ta naɗa wa kanta ba. Sauyin ya fito ne daga wadda ke da ilmi da nasaba, kuma bayan rasuwar Asma'u a 1864 ragamar ta koma hannun ƙanwarta Maryam. Wannan ya yi daidai da ƙa'idar rawani a sarautar maza. A ƙasar Kano, har da Karaye, hakimi ko dagaci ba ya naɗa kansa, kuma rawani mai kunne biyu na sarki ne da 'ya'yan gidan sarauta; wanda ya fito da shi ba tare da haƙƙi ba ya shiga gonar da ba tasa ba, ko da kuɗinsa ya sayi ƙyallen.

Ba Hausawa kaɗai ke da irin wannan tsari ba. A jami'o'in Amurka akwai ƙungiyoyin zumunta na ɗalibai mata tun 1851, lokacin da aka kafa ta farko a Kwalejin Wesleyan ta jihar Jojiya. Kowace tana da ɗan bajon ƙarfe da ake maƙalawa a ƙirji: na Kappa Kappa Gamma, wadda aka kafa a 1870, mabuɗi ne. Da yawansu suna ɗaukar bajon a matsayin mallakar ƙungiya, su buƙaci a mayar da shi ko a binne mamba da shi idan ta rasu, kuma sun sha bamban kan ko ya halatta a mai da shi zobe ko abin wuya. Bambancin kawai, nasu a rubuce yake cikin tsarin mulki, na 'Yan Taru kuwa al'adar naɗi ce ta riƙe shi.

A Karaye da Rogo alamar mata ta tashi daga malfa ta koma tufafi: hijabi mai launi ɗaya na matan Islamiyya, da zanen zumuntar mata a majami'u, da atamfar anko ta ƙawaye ranar biki. Waɗannan ukun ba ƙarfinsu ɗaya ba. Anko na kwana ɗaya ne, kowace mace tana kai wa telanta ya ɗinka yadda take so, bayan biki kuma ya zama kayan sawa. Hijabin makaranta da zanen zumunta kuwa shugabanni ne ke zaɓar launi da zane, kuma wadda ta zo taro da wani daban ana ganinta tun daga bakin ƙofa.