DAGA BURMI ZUWA JIDDA: INA MAFARIN GIDANKU?

Kwanan baya na tambayi wani yaro ɗan unguwarmu, na ce, "Kakanka daga wane gari ya fito?" Sai ya amsa mini da Larabci, wai daga Afirka. Abin ya tsaya mini a rai, domin Afirka ba gari ba ce. Shi ya sa na ga ya kamata mu tuna wa juna yadda a ka yi mu ka zo nan.

Tun kafin zuwan Turawa mutanen ƙasar Hausa su na zuwa hajji da ƙafa. Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu, ya zo Makka ya koma. Amma babbar ƙaura ta auku cikin 1903, sa'ad da Ingilishi su ka ci Kano da Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru ya ɗaura niyyar hijira zuwa gabas, jama'a mai yawa ta bi shi. A ka cim ma su a Burmi cikin watan Yuli, a nan ya yi shahada. Ɗansa, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ja sauran jama'a har ƙasar Sudan, su ka kafa gari a bakin kogin Nilu kusa da Sannar. Har yau sunan garin Mai Wurno. Alfa Hashimu kuwa, wanda shi ma ya ga yaƙin Burmi, ya wuce har Madina, ya zauna ya na karantarwa har rasuwarsa cikin 1931.

Hanyar da mafi yawan kakanninmu su ka bi ita ce ta Barno, a ratsa Wadai ta Abeshe, a shiga Darfur ta Janaina da Fashir, a kai Ubayyid, inda jirgin ƙasa ya iso wajen 1912. Tafiyar ba ta wata ɗaya ba ce, ba ta biyu ba. Mutum ya kan shekara biyar ko goma bisa hanya, in guzuri ya ƙare ya tsaya ya yi ƙodago. Da a ka buɗe gonakin auduga na Jazira cikin 1925, da yawa su ka tsaya can, waɗansu ba su ƙara gaba ba. Waɗanda su ka kai Sawakin su ka ƙetare Bahar Maliya cikin ƙananan jiragen ruwa. Saboda haka gida ɗaya ya kan rabu uku: wani a Katsina, wani a Wad Madani, wani a Jidda.

A nan Jidda kakanninmu sun fara zama cikin bukkoki bayan ganuwa, su na dako, da ga-ruwa, da wanki. Da a ka rushe ganuwar cikin 1947 gari ya faɗaɗa ya haɗiye su. Larabawa su na kiranmu Takarina, a takarda kuwa a ka rubuta Hausawi, ko Fallata, ko Barnawi. Waɗannan sunaye sun fid da mutane, kamar Shehu Umar Fallata, wanda ya karantar da hadisi a masallacin Madina. Amma ku lura, Hausawi sunan kabila ne kurum. Bai gaya maka ko gidanku na Kano ne, ko Zazzau, ko Maraɗi ba.

To, ga abin da na ke roƙo. Tsofaffin da su ka ji labarin nan daga bakin masu tafiyar su na ƙarewa. Kowane mai gida ya sami littafi, ya zauna gaban tsohuwa ko tsoho, ya rubuta sunan garin asali da unguwa, da sana'ar gidan, da irin tsagar fuskar kaka, da garuruwan da a ka yada zango, da wanda a ka bari a Sudan. In alhazan Nijeriya da Nijar sun sauka, a nemi mutanen garin a karanta musu. Unguwa da sana'a su ne su ka fi saurin gano dangi, gama a birnin Kano in ka ce gidan marina ne a Ƙofar Mata, ka rage wa mai nema rabin wahala.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa ta ke. Kakanninmu sun taka shekaru kafin su iso nan, mu kuwa yau sa'o'i kaɗan ne cikin jirgin sama tsakanin Jidda da Kano. Allah ya jiƙan magabata, ya sada mu da danginmu, amin.

Naku,
Akawun Jama'a