JEGO DA RAINO A SABO: DAGA ZAMANIN JIRGIN ƘASA ZUWA YAU



Kwanakin baya muna zaune bakin rumfa bayan la'asar, sai ga wani daga cikin 'ya'yanmu, angon bara ne, ya durƙusa ya gaishe mu. Matarsa ta sauka lafiya, ɗan fari. Muka yi masa barka, amma fuskarsa ba walwala. Ashe uwar yarinyar tana can Katsina, kuɗin mota ya gagara, su kuwa suna haya can wajen Ojoo, ciki da falo, daga shi sai ita sai jinjiri. Ya ce, "Baba, ku da can yaya kuke yi?" Muka dubi juna. Wannan tambaya ce ta sa muka bi tsofaffi muka ji daga bakinsu, muka haɗa da abin da muka gani da idonmu.

Farkon zama

Kowa ya sani fatauci ne ya kawo kakanninmu ƙasar Yarbawa: su gangaro da shanu, su koma da goro. Jirgin ƙasa ya iso Ibadan daga Ikko a 1901, layin dogo ya kai Kano a 1911, sa'an nan a 1916 aka keɓe wa Hausawa wannan unguwa tamu ta Sabo. Mutanen farko galibi maza ne, fatake da dillalai da mahauta da malamai. Sai da zama ya yi zama aka fara ajiye iyali, daga nan kuwa matsalar jego ta taso.

Al'adarmu ta gida ita ce idan cikin fari ya kai wata bakwai, sai a mai da yarinya gidan iyayenta goyon ciki. Can za ta haihu, can za ta yi wanka, ba za ta dawo ɗakinta ba sai ta yi arba'in, wata ma har ta wuce. Hikimar abin a fili take: yarinya ba ta san kan jariri ba, uwarta da kakarta su ne makarantarta. To, amma daga nan zuwa Kano ya fi kilomita 900. Mai hali yakan sa matarsa a jirgi da wani amintacce, a yi kwana da yini ana jijjiga, a ƙetare Kwara a Jebba, a bi ta Minna da Kaduna. Tsofaffi sun ce akwai matan da naƙuda ta kama su cikin tarago. Marar hali kuwa, ko wanda ya auri 'yar nan wadda iyayenta ma baƙi ne, dole ya nemi wata dabara.

Uwar gida ta zama uwa

Dabarar ita ce gidajen masu gida. Mai gida shi ke saukar da baƙin fatake, ya ajiye musu kaya, ya tsaya musu wajen ciniki. Yaransa na kasuwa, idan sun yi aure, sau da yawa cikin gidajensa suke zama. Saboda haka in matar yaro ta haihu, uwar gidan mai gida ce ke ɗaukar nauyin da uwa za ta ɗauka. Ita za ta aika a kira ungozoma, ita za ta sa a ɗora tukunyar wanka tun asuba, ita za ta tsaya a kan mai jego sai ta shanye kunun kanwa. Mai gida ya ba da itace da ƙauri, wani lokaci har da ragon suna. Ba jini ya haɗa su ba, watakila wannan Bakatsiniya ce waccan Basakkwata, amma yaron zai tashi yana kiranta Hajiya ko Inna, jikanta ne har abada.

Haka kuma batun yaye. A gida, in yaro ya kusa shekara biyu, kakarsa ake kai wa, musamman ɗan fari da uwa ke yi wa kunya, ba ta ko faɗin sunansa. A nan kuwa kaka tana nesa. Wasu sukan haɗa yaro da mai tafiya Arewa, ya tafi ke nan, sai ya yi wayo ko ya sauke Alƙur'ani za a sake ganinsa. Da yawa daga cikinmu muna da yayye da muka fara gani da gemunsu. Wasu kuma sai a ba wata tsohuwa a unguwa ko matar da Allah bai ba haihuwa ba, ta riƙe. Wani Bature masanin zamantakewa mai suna Abner Cohen, wanda ya zauna a nan Sabo wajen 1962 zuwa 1963 ya kuma fitar da littafinsa a 1969, ya lura da yawan wannan riƙo, ya nuna yadda yake ƙulla zumunta tsakanin gidaje. Mu ba mu buƙatar littafi ya gaya mana, mu ne 'ya'yan riƙon.

Ran suna kuwa, kwana bakwai da haihuwa, unguwa ce ke taruwa. Malamai su yi addu'a, a raba goro, wanzami ya yi wa jariri aski. Mata su shigo da kayan barka: sabulu, atamfa, 'yan kanti. Wadda ta kai miki yau, ke za ki kai mata gobe. Bikin nan shi ne asusun talaka tun ba a san banki ba.

Zama da maƙwabta

Ba mu kaɗai muke ba. Matanmu sun ga yadda Bayarbiya ke yi: uwar miji ce ke zuwa ta zauna ta yi wa jariri wanka, ta miƙe masa gaɓoɓi, ga tukunyar agbo kullum a kan wuta. Sannu a hankali agbo ya shigo gidajenmu, kamun masara ya tsaya kusa da na gero, ganyen darbejiya, wanda su suke kira dogonyaro, ya maye gurbin runhu da sabara wajen wanka tunda shi ke samuwa. Su ma sun riƙa zuwa wajen wanzamanmu. Akwai abin da muka yi tarayya da su wanda bai yi kyau ba, wato ɗura: a kwantar da yaro a cinya, a toshe masa hanci, a kwarara masa koko. Yau mun san kokon na iya bi ta hanyar numfashi ya sauka a huhu.

Gaskiya ɗaya ce

Kada ƙaunar jiya ta rufe mana ido. Duk wanda ya kai shekara hamsin a unguwar nan, ya ƙirga 'ya'yan da mahaifiyarsa ta haifa da waɗanda suka rayu. Lokacin ƙyanda kan shigo gida ta ɗebi yara biyu, uku a mako guda. Ga tarin shiƙa, ga gudawa, ga zazzaɓi mai sa jijjiga. Mukan ce kwana ne ya ƙare, kuma haka ne, amma akwai sababi, wasu sababan ma daga hannunmu suke.

Alal misali, ana yanke cibiya da reza ko askar da ba a dafa ba, a yi ta gashi da tsumma, a shafa abin da aka ga dama. Bayan mako guda jariri ya ƙi kama nono, jikinsa ya sandare, a ce iska ce. Ashe ƙwayar cutar sarƙe-haƙora ce ta shiga ta cibiya. Ana matse dakashi, wato nonon farko mai ruwan ɗorawa, a zubar, a ce ƙazanta ne, alhali shi ne rigakafin farko da Allah ya tanadar wa jariri. Ana cire beli, wani yaron jini ya ƙi tsayawa. In maɗiga ta faɗa sai a shafa magani a kai, ba a san alama ce ta ruwan jiki ya ƙare saboda zawo ba.

Ita kanta mai jego ba ta tsira ba. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun bi diddigin matan da ke kumbura su kasa numfashi bayan haihuwa, suka ga ciwon zuciya ne, suka kuma danganta yawansa da tsananin zafin wanka, da kwanciya kan gadon wuta, da yawan kanwar da ake sha. Iyayenmu ba mugunta suka yi ba, iyakar saninsu ke nan.

Zuwan kati da allura

A nan ƙasar Yarbawa aka fara wasu abubuwan da suka ceci yaran duniya. Babban asibitin koyarwa na UCH, wanda ke nan kusa da mu, an buɗe shi a 1957. A wajen wannan lokaci wani likitan yara ɗan Ingila, David Morley, yana aiki a Ilesha da ƙauyen Imesi-Ile, inda ya tsara asibitin yara 'yan ƙasa da shekara biyar da katin awon nauyi. Katin nan da matanmu ke ajiyewa a ƙasan akwati, asalinsa ke nan.

Amma mu mun yi jinkirin karɓa. Mace tana kulle, ba ta jin Yarbanci sosai, ba ta jin Turanci, ma'aikaciya ta daka mata tsawa sau ɗaya, shi ke nan ta yi rantsuwa ba ta komawa. Miji kuma yana kara ko kasuwa tun safe. Sai a zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya riƙe ma'aikatar lafiya, daga 1985 zuwa 1992, abin ya fara shiga gidajenmu sosai. Rediyo ya yi ta shelar rigakafi da ruwan gishiri da sukari, aka riƙa bin unguwa-unguwa. Mu da muka yi aure a shekarun 1990 mun ga yawancin 'ya'yanmu sun wuce shekara biyar.

Zamanin ma ya zo da nasa sharrin. Madarar gwangwani da bulumboti suka zama abin yayi, a dama da ruwan da bai tafasa ba, a tsinka ta don ta daɗe, yaro ya yi ta zawo. Ga shan magani barkatai daga kyamis. A 1990 gurɓataccen maganin zazzaɓi na ruwa ya kashe yara fiye da 100 a nan Ibadan da Jos, abin da ya taimaka aka kafa hukumar NAFDAC a 1993. A 2008 kuma wani maganin fitar haƙori ya kashe yara fiye da 80 a ƙasar nan. A 2003 jita-jita a kan allurar shan inna ta sa aka dakatar da ita a Kano, iskar ta kaɗo har nan, wasunmu suka rufe ƙofa. Sai a watan Agusta na 2020 aka tabbatar an kawar da asalin ƙwayar cutar daga Nijeriya da Afirka baki ɗaya.

Ina muke yau?

Yau ilmi ya samu. An san jariri nono zalla yake buƙata har wata shida, ko ruwa ba a ƙara masa, sa'an nan a haɗa da abinci a ci gaba da shayarwa zuwa shekara biyu, wanda ya yi daidai da abin da muka karanta a Islamiyya. An san ba a ba yaro zuma sai ya shekara. Akwai maganin shafa wa cibiya a asibiti, akwai ƙunshin ORS da ƙwayar zinc na gudawa, akwai gidan sauro.

Abin da ya ɓace shi ne mutane. Sabo ta cika, 'ya'yanmu sun watsu Ojoo, Shasha, Akinyele da sauran wurare. Manyan gidajen nan masu tsakar gida ɗaya sun ragu, uwar gidan da ke tsayawa a kan kowa ta tsufa ko ta rasu, ba a maye gurbinta ba. Yarinya 'yar shekara ashirin tana ɗaki ita kaɗai da jariri mai kuka, malaminta waya ce, kowa ya turo mata abin da ya ga dama. Kakanninmu suna da jama'a amma ilmin lafiya ya yi musu ƙaranci, mu ga ilmin, jama'ar ce muke neman saki.

Don haka shawararmu ga 'yan'uwa ita ce mu farfaɗo da abin da magabata suka yi. Kowace mai jego da ba ta da uwa kusa, a samu dattijuwar da za ta riƙa leƙa ta har ta yi arba'in, a kuma haɗa dattawan nan da 'ya'yanmu mata da suka karanci aikin jinya, don a rage zafin ruwa da yawan kanwa, a bar askar wanzami iyakar gashin kai. Ku kuma angwaye, ɗaukar jariri ba ya rage wa namiji girma. Ku san ranar allura kamar yadda kuka san ranar kasuwa.

Shi wancan yaron da ya yi mana tambaya, washegari uwargidan ɗayanmu ta ɗaura ɗan ƙunshinta ta hau mota zuwa Ojoo, ta yi mako biyu a can. Ran suna muka je muka ci rago, jinjirin kuwa ya samu kaka a Sabo.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya raya mana zuri'a, ya ba masu jego lafiya. Amin.