Gyaɗar Kano: Lissafin Manomi da Ya Kayar da Shirin Turawa

Lokacin da layin dogo ya iso Kano a 1911, Turawan mulkin mallaka auduga suke sa rai za su kwasa. Masaƙun Ingila na cikin buƙata, kuma an san ƙasar Kano da noman auduga da saƙa tun zamanin kakanni. Ƙungiyar masu bunƙasa noman auduga ta Ingila ta yi shiri, ta kafa injinan gurza, tana jiran kaka. Da aka buɗe jigilar kaya a 1912, sai ga gyaɗa ta cika tashar jirgi, buhu kan buhu.

Manomi ne ya yi lissafinsa. Audugar da yake nomawa, masaƙan gida suna biyan ta fiye da farashin Bature, don haka babu dalilin kai ta tasha. Gyaɗa kuwa tana son ƙasa mai jigawa irin ta Kano, ana shuka ta tsakanin gero da dawa, kuma idan kasuwa ta faɗi iyali su ci, mata su matse mai su soya ƙuli-ƙuli, harawa ta tafi wa dabbobi. A Turai kuma an samu dabarar daskarar da man tsirrai ya zama abin shafa wa burodi, sai farashin gyaɗa ya tashi. Ga haraji da ake biya da kuɗi yana jiran kowane magidanci. Wannan shi ne tattalin arziki a idon talaka: me zan shuka in ci, in biya haraji, in kuma rage wani abu?

Fataken goro, waɗanda suka saba da tafiyar Gwanja, su ne suka haɗa manomi da kamfanonin Turawa. Irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo sun baza yaransu ƙauyuka, suna ba da kuɗi da gishiri da tufa tun kafin girbi. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji, ya shiga harkar bayan ya daɗe yana fataucin goro a ƙasar da ake kira Gana a yau, ya zama babban dillali, har ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma. Jakuna da raƙuma ne ke kawo kayan daga karkara, a auna a sikeli, a ɗinke bakin buhu, leburori su hau da shi a ka suna jerawa har tsibin ya yi tsini.

Dalar gyaɗa da muke alfahari da hotonta tana da wani sirri. Jirgin ƙasa ne ya kasa kwashe kayan a kan lokaci, musamman bayan yaƙin duniya na biyu da taragai suka yi ƙaranci. Sai aka riƙa tara dubban buhuna a fili, a wurare irin su Ƙofar Mazugal, a lulluɓe da tamfol har layi ya zo kansu.

A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa, a 1954 kuma Jihar Arewa ta samu tata hukumar cinikin amfanin gona. Ita ke yanke farashi, ita kaɗai ke fitar da kaya waje. An ce don a kare manomi daga hawa da saukar kasuwa ne, amma shekara da shekaru ana biyan sa ƙasa da farashin duniya, rarar kuma ta shiga asusun gwamnati. Da ita aka yi hanyoyi da makarantu da asibitoci, wannan gaskiya ne. Sai dai wanda ya yi gumin bai ga rabonsa yadda ya kamata ba, kuma kaɗan ne ya koma gonar.

Saboda haka da masifa ta zo, ba ta tarar da garkuwa ba. Farin farkon shekarun 1970 ya ƙone gonaki, a 1975 cutar kuturtar gyaɗa ta cinye abin da ya rage, kuɗin man fetur kuma ya ɗauke hankalin gwamnati, matasa suka bar fartanya suka nufi birni. Ƙasar da ke sahun gaba wajen fitar da gyaɗa a shekarun 1960 ta daina fitarwa. A 1986 aka rushe hukumomin cinikin baki ɗaya.

Har gobe ana noman gyaɗa a Kano da Jigawa da Katsina, kuma cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta fitar da iri masu jure kuturta. Duk shugaban da ke alƙawarin dawo da dalar gyaɗa, ya fara da kai wa manomi wannan iri kafin ruwa ya sauka, ya gyara masa hanyar kasuwa, ya bar shi ya sayar a farashin da zai mayar masa da guminsa.