Daga Tukunyar Kakana Zuwa Kasuwar Kuɗi

Kakana na wajen uba bai taɓa taka ƙofar banki ba. A Tamawa ma'ajiyarsa biyu ce: shanun da ya ba makiyayi kiwo, da wata tukunya da ya binne ƙarƙashin gadonsa. Ya dai ji labarin yadda Alhassan Ɗantata ya kai azurfa kayan raƙuma ashirin bankin Turawa na Kano a 1929, amma a wurinsa wannan sha'anin attajirai ne.

Tukunyar ta ba shi kunya a watan Afrilun 1984, lokacin da gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakoki, ta sauya launin naira, ta ba da wa'adin da bai kai mako biyu ba. Labari ya iso a makare, shi kuma ya yi nauyin jiki, domin fito da kuɗin tamkar tallata sirrinsa ne ga dangi. Ranar da ya tono su, takardu ne kawai. Mahaifina ya ce kuɗin gyaɗar damina uku ne.

Shi sai ya koma ga shanu kacokan, har ɓarayin daji suka addabi ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi, garke ya tashi daga rufin asiri ya zama abin da ke jawo wa mai shi bindiga. Canjin kuɗi na farkon 2023 kuwa ya koya mana cewa mai ajiya a banki ma yana iya kwana a layi.

Ni na tarar da wata ma'ajiyar, asusun kasuwar kuɗi. Ana tara kuɗin jama'a a ba gwamnati rance na kwana 91, ko 182, ko 364, ko a ba manyan bankuna, kuma mai ajiya na iya cire nasa cikin 'yan kwanaki. Haɗarinsa kaɗan ne, sai dai inshorar NDIC ba ta shafe shi ba, kuma a 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari, ta fi abin da yake bayarwa. Ga kuma babban cikas a wurinmu: ribarsa kuɗin ruwa ce. Shi ya sa na karkata ga bankin Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, da sukuk ɗin da gwamnatin tarayya ta soma fitarwa a 2017, ko da yake sukuk na shekaru ne.

Tukunyar tana nan. Goggona ce ke ajiye daddawa a ciki.