Sauya bujin motar a-kori-kura a gida: abin da ya kamata a sani

Buji, wanda a Najeriya ake kira fulogi, shi ne ɗan ƙarfen da ke ƙyasta wuta a cikin injin fetur. Batirin mota yana ba da lantarki mai ƙarfin bolt 12, sai bobin, wato kwayil, ya ɗaga shi zuwa dubban bolt. Wannan wuta ce ke tsallaka ƴar tazarar da ke bakin buji ta kunna cakuɗen fetur da iska. Kowace silinda tana da nata: inji mai silinda 4 yana da buji 4, mai 6 kuma 6.

Kafin komai a tabbatar da irin injin. Da yawa daga cikin motocin Toyota Hilux da Land Cruiser da ke zirga-zirga a Sahel na gazuwal ne, kuma injin gazuwal ba ya amfani da bujin ƙyasta wuta. Nasa na ɗumama silinda ne kafin a tayar da mota, aikinsa daban. Wannan bayani ya shafi masu shan fetur kawai, kamar Hilux mai injin lita 2.7 da tsohuwar Peugeot 504 ta ɗaukar kaya.

Yaushe ake sauyawa?

Buji na gama-gari yakan yi kimanin kilomita 30,000, mai bakin iridiyam ko filatinam kuwa yana iya kaiwa 100,000. Ƙura, kaya mai nauyi da gurɓataccen mai suna rage masa kwana. Alamun gajiyarsa su ne wuyar tashi da safe, karkarwar inji in mota na tsaye, fizga a kan hawa, da shan mai fiye da yadda aka saba.

Kayan aiki

Ana buƙatar sufanar buji mai zurfi, galibi mai lamba 16 ko 21, da sandar ƙara mata tsawo, da ma'aunin tazara, da tsumma mai tsabta. A sayi buji mai lambar da littafin motar ya faɗa, ko a je shago da tsohon. Wanda ya yi tsawo yana iya taɓa fistan. A kula da jabu, domin ana kwaikwayon sunaye irin su NGK, Denso da Bosch; araha fiye da kima abin zargi ce.

Yadda ake yi

1. A bar inji ya huce sarai. Kan inji na alminiyam ne a yawancin motoci, kuma kwance buji da zafi yana iya cinye haƙoran ramin.
2. A kashe mota, a ja birkin hannu, a cire wayar batir mai alamar ragewa.
3. A riƙa yi ɗaya bayan ɗaya. A kama hular roba a ja, ba wayar kanta ba. In motar mai bobin ce a kan kowane buji, a cire fulogin wayarsa, a kwance notin, a zare shi.
4. A hure ƙura da yashin da ke kewaye da buji kafin a kwance, musamman lokacin hunturu. Duk abin da ya faɗa ramin, cikin silinda ya tafi.
5. A kwance ta hagu. In ya cije, kada a yi masa ƙarfi. A ɗiga man kwance tsatsa, a dakata.
6. A auna tazarar sabon. Yawanci tana tsakanin milimita 0.7 da 1.1, gwargwadon injin. Bakin iridiyam siriri ne, ba a danna shi.
7. A fara ɗaurawa da hannu kawai. In ya yi tauri tun zagayen farko, ya shiga a karkace. A dawo da shi a sake.
8. Idan ya zauna, a ƙara kimanin rabin zagaye da sufana ga sabon buji mai wasa. Matsewa da yawa na fasa tangaran ɗinsa ko ta lalata ramin.
9. A mayar da kowace waya mazauninta. In suka cakuɗe, inji zai yi ta harbi ko ya ƙi tashi.

Abin da tsohon buji ke nunawa

Kada a yar da shi kafin a duba bakinsa. Ruwan ƙasa-ƙasa ko toka-toka alamar lafiya ce. Baƙin ƙuna a bushe yana nuna mai ya fi iska yawa, sau da yawa saboda matatar iska ta toshe da ƙura. Baƙi mai maiƙo yana nuna baƙin mai na shiga silinda. Fari fat ko narkakken baki kuwa zafi ne ya yi yawa. A waɗannan biyun na ƙarshe sabon buji ba magani ba ne, zai sake lalacewa.

Inda ya kamata a tsaya

In buji ya karye a cikin rami, ko haƙoran suka cinye, ko aka ga mai ya taru a ramin, a kai wa makaniki. Haka ma in an sauya amma karkarwar ba ta daina ba, domin laifin yana iya zama na bobin ko wayoyi. Ga wanda zai yi doguwar tafiya, kamar daga Tawa zuwa Agadas, buji ɗaya na ajiya da sufanarsa ba sa cin wuri a cikin mota.