Ilmin Manɗiƙi da Ƙofar Shiga Karatun Shari'a: Waiwaye Daga Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bi diddigin tambaya guda: da wane ma'auni ake gwada hankalin mutum kafin a ba shi damar karanta shari'a? Mun zaɓi kudancin Katsina, watau ƙasar Sarkin Maska da ke Funtuwa da ta Galadiman Katsina da ke Malumfashi, domin kuwa yanki ne na noma, inda rigingimun gona da gado da jingina suka daɗe suna bukatar alƙali mai iya rarrabe hujja. Abin da muke so mu nuna shi ne, ilmin auna hujja ya daɗe a ƙasar nan, amma ƙofar da ɗan manomi yake bi a yau zuwa karatun lauya ba ta tambayarsa wannan ilmi.

2.0 Manɗiƙi a Tsohuwar Ƙasar Katsina

Malamanmu na zaure suna kiran wannan fanni manɗiƙi, watau ilmin da ke tsare tunani daga kuskure, kamar yadda nahawu ke tsare harshe daga lahani. Shehu Magili, wanda ya zo Kano da Katsina wajajen 1492 a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, ya yi wallafa a kansa, har ma ya yi jayayya a rubuce da Imam Suyuɗi na Misra, wanda yake ganin haramcin karanta shi. Wajajen 1535 Al-Ahdari ya tsara Sullamu, ɗan littafin da ya zama matakin farko ga ɗaliban fannin a Afirka ta Yamma. Haka kuma Malam Muhammadu Al-Kashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, wanda aka fi sani da ilmin hisabi, ya bar rubutu a kan manɗiƙi. Kudancin Katsina bai yi nisa da wannan harka ba, tun da 'Yandoto, garin malaman da ya shahara kafin Jihadi, yana kusa da Tsafe ne, yamma da Funtuwa.

A wancan tsari babu jarrabawar takarda. Ɗalibi yakan bi littattafai ɗaya bayan ɗaya, daga Risala zuwa Muhtasar na Halil da Tuhufa ta Ibnu Asim, sa'an nan waɗanda suka yi zurfi su shiga usulu da manɗiƙi. Malami ne yake gwada shi baki da baki, ya jefa masa mas'ala ya ga ta inda zai ɓullo, kuma shaidar malamai ce take kai mutum ga rawanin alƙalanci. Amfanin tsarin shi ne yana auna tunani kai tsaye. Aibinsa kuwa, alƙalanci yakan tsaya a waɗansu gidaje, ɗan talaka ba ya cika samun hanya ba.

3.0 Daga Zaure Zuwa Aji

Zuwan Turawa ya kawo sauyi ta fuska biyu. Ta fuskar tattalin arziki, hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta ratsa Funtuwa, ta isa Ƙauran Namoda a 1929, cinikin auduga ya bunƙasa, baƙi suka yawaita, gona ta ƙara daraja. Ta fuskar shari'a kuwa, a 1934 aka buɗe Makarantar Shari'a a Kano tare da malamai daga Sudan, wadda a 1947 ta zama Makarantar Nazarin Larabci. Cikin waɗanda ta yaye akwai Malam Abubakar Gumi, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa a 1962. Daga nan alƙalanci ya fara zama aikin mai takardar shaida.

A 1958 Gwamnatin Arewa ta kira kwamitin masana shari'a a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat. Shawararsu ce ta haifar da kundin hukunta laifuffuka wanda ya fara aiki a 1960, aka kuma riƙa horar da alƙalai a kansa a Kwalejin Mulki ta Kongo, Zariya. A 1962 aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello, a shekarar kuma aka yi dokar da ta kafa Makarantar Lauyoyi ta Nijeriya a Legas. A 1968 kotunan alƙalai suka bar hannun En'e suka koma hannun gwamnatocin jihohi. A 1978 aka kafa hukumar JAMB, ta zama ƙofar shiga jami'a. Mai neman karatun lauya yana zana Ingilishi da Adabin Ingilishi da waɗansu darussa biyu. Ke nan ana tambayarsa abin da ya karanta da ƙarfin Turancinsa, ba a ware wani sashe don gwada yadda yake auna hujja.

4.0 Yadda Tambayar Take

A Amurka an bi wata hanya dabam. Tun 1948 suke da jarrabawar LSAT ga masu neman shiga makarantun lauya, kuma babban sashenta gajerun maganganu ne da ake ba ɗalibi, a ce ya nuna abin da mai maganar ya ɗauka bai faɗa ba, ko gurbin da hujjarsa ta karye. Ba a bukatar ya san doka. Bari mu gina irin wannan tambaya da kayan gida.

Alal misali, wani ya ce: duk gonar da aka zuba wa takin zamani takan yi yabanya, gonar wane ta yi yabanya, saboda haka an zuba mata takin zamani. Mai gaggawa zai amince, domin maganganun biyu na farko gaskiya ne. Amma natijar ba ta tabbata ba, tun da takin gida, ko kwanan shanun Fulani, ko kyan damina, kowannensu na iya kawo yabanya. Malamin manɗiƙi zai ce tabbatar lazimi ba ta wajabta tabbatar malzumi. Da cewa aka yi gonar ba ta yi yabanya ba, saboda haka ba a zuba mata taki ba, da ƙiyasin ya inganta bisa sharaɗin maganar farko. Manoman da suka ga Shirin Bunƙasa Noma na Funtuwa, wanda aka fara a 1975 da tallafin Bankin Duniya, ba sa bukatar a yi musu dogon sharhi a kan wannan.

Misali na biyu daga zauren alƙali yake. A fikihun Malikiyya akwai hauzi: wanda ya riƙe gona shekara 10 yana nomawa, mai ita yana nan yana gani bai yi magana ba, kuma babu abin da ya hana shi, to ba a sauraron ƙararsa bayan haka. Sai wani ya zo ya ce: na yi shekara 15 ina noman gonar nan, saboda haka tawa ce. Mene ne ya ɗauka bai faɗa ba? Ya ɗauka cewa ba aro ko jingina ne ya kai gonar hannunsa ba, mai gonar bai tafi cin rani mai nisa ba, kuma babu zumunta tsakaninsu, domin tsakanin 'yan'uwa wa'adin ya fi haka tsawo. Alƙalin da bai iya tono waɗannan ɓoyayyun sharuɗɗa ba zai raba maraya da gonar ubansa, ko da ya haddace Tuhufa daga bango zuwa bango.

5.0 Kammalawa

Mun ga cewa tsohon tsari ya auna tunani amma ya ƙuntata ƙofa, sabon tsari ya faɗaɗa ƙofa amma ya jingina ga hadda da Turanci. Wanda ya fi cutuwa shi ne yaron Bakori ko Danja ko Ƙafur, wanda ya tashi yana sauraron dattawa suna warware rikicin iyakar gona, ya san bambancin aro da kyauta da jingina, amma makarantarsa ba ta ba shi isasshen Turancin da zai nuna wannan basira ba.

Ba muna kira ne a kwaso jarrabawar Amurka ba, domin idan aka yi ta da Turanci zalla, Turancin za ta sake aunawa. Shawararmu biyu ce. Ta farko, malaman Hausa da na Larabci da na shari'a su haɗu su tsara ɗan littafin manɗiƙi da Hausa don makarantun sakandare, da misalai daga gona da kasuwa da kotu. Ta biyu, tsangayoyin shari'a su duba yiwuwar sa tambayoyin auna hujja cikin tantancewar da jami'o'i suke yi wa ɗalibai bayan JAMB tun 2005. Muna fata mahalarta wannan taro, musamman malaman shari'a, za su gyara mana inda muka karkace. Allah ya sa mu dace.